Ɗa Ne Ko Bawa?

Da wuya a sami kalmar da ta fi 'yanci daɗi a bakin mutane. Ran 6 ga Maris 1957 ƙasar Ghana ta sami mulkin kanta. Nijar ta bi baya ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba na wannan shekara. Aka sauke tutar baƙi, aka ɗaga ta 'yan ƙasa, aka yi ta kaɗe-kaɗe da raye-raye. Tun daga ran nan har wa yau kalmar ba ta sauka daga bakinmu ba. Wanda bashi ya yi wa katutu yana marmarin ranar da zai biya ya huta. Wanda ke kurkuku yana ƙirga kwanakinsa. Talaka yana so a bar shi ya faɗi abin da ke ransa ba da tsoro ba. Waɗannan duka abubuwa ne masu kyau, ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu.

Amma ga abin tambaya. Shekara sittin da ɗoriya ke nan da tafiyar masu mulkin mallaka. Ga mutum da ƙuri'a a hannunsa, ba mai tilasta shi, amma in an miƙa masa toshiya ba ya iya ƙi. Ga wani ba sarƙa a ƙafarsa, amma ba ya iya wuce gidan giya da kuɗi a aljihu. Ga wata tana zuwa sujada kowace Lahadi, amma ba ta iya barci sai ta laluba ta ji layar ɗanta tana nan. Waɗannan mutane 'yantattu ne? Ashe, akwai wata bauta wadda sauke tuta ba ya taɓa ta. A kanta ne Ubangijinmu Yesu Kristi ya yi magana, ya kuma faɗi maganinta.

Maganar da ta ɓata wa masu ji rai

Labarin yana cikin Bishara ta hannun Yohanna, sura 8, aya 31 zuwa 36. Yesu yana koyarwa cikin haikali a Urushalima, a ƙarshen Idin Bukkoki. Mutane da yawa suka ji shi, har suka ba da gaskiya gare shi. Mu lura da kyau, ga waɗannan ne ya juya da maganar. Ya nuna musu hanya daki-daki. Su dawwama cikin koyarwarsa tukuna. Ta haka za a san almajiransa ne na ainihi, ta haka kuma za su kai ga sanin gaskiya. Gaskiyar nan kuwa ita ce za ta kwance su.

Sai mu zaci za su yi murna. Ina! Ransu ya ɓaci. Suka amsa masa cewa su jikokin Ibrahim ne, ba wanda ya taɓa mallakarsu, don me zai yi musu zancen kwancewa?

Amsar nan abin mamaki ce. Idin da ya tara su, an kafa shi ne domin tunawa da ranar da Allah ya fisshe kakanninsu daga bautar Masar. Kwana bakwai suka yi cikin bukkokin ganye saboda wannan. Wajen shekara 586 kafin haihuwar Kristi mutanen Babila sun rushe Urushalima, sun kwashe jama'a zuwa bauta. A shekara ta 63 kafin haihuwar Kristi Romawa sun ci birnin. Sa'ad da su ke wannan gardama, sojan Roma suna bisa kagarar da ke jingine da haikali, suna leƙen taron. Mai yiwuwa nufinsu shi ne, a zuci ba su taɓa sallama wa kowa ba sai Allah. Ko da haka ne, Yesu bai tsaya yin gardamar tarihi da su ba. Ya nufi zuciyar nan da su ke taƙama da ita, ya ce duk wanda ya ke aikata zunubi, zunubi ne ubangijinsa. Kafin surar ta ƙare, sun ɗebi duwatsu za su jefe shi.

Kada mu yi saurin ganin baƙinsu, 'yan'uwa. Mu ma muna da namu Ibrahim. Wani ya ce kakansa ne ya fara karɓar bishara a garinsu. Wani ya ce shi ɗan fasto ne. Wata ta ce shekara ashirin ke nan tana cikin zumuntar mata. Madalla da wannan duka. Amma ba a gadon 'yancin zuciya kamar yadda a ke gadon gona. Aiki na fari da gaskiya ta ke yi wa mutum shi ne ta gaya masa a ɗaure ya ke. Shi ya sa Hausawa suka ce gaskiya ɗaci gare ta.

Igiyar da ba a gani

Don me mutum zai zama bawa bai sani ba? Mu dubi akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya a tsakiyar ciyawa. Tana kiwo, tana zagaya turke, ba abin da ya dame ta. Ba ta san a ɗaure ta ke ba sai ran da ta nufi inda igiya ba ta kai. Haka mai zunubi ya ke. Muddin yana zagaya turkensa, gani ya ke shi mai ikon kansa ne. Mashayi ya kan ce, in ya ga dama gobe sai ya bari. To, ya gwada ya gani. Mai riƙon mutane a zuci ya ce shi ba abin da ya dame shi. To, ya tashi ya je ya gai da ɗan'uwan nan da ya yi shekara uku ba ya yi masa magana. Nan ne zai ji igiya ta shaƙe shi.

Akwai wani babban malamin ekklesiya mutumin Afirka, sunansa Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya zama bishop na birnin Hippo, ya rasu a 430. Cikin littafin da ya ba da labarin tubansa, ya bayyana yadda sarƙar nan ta ke ƙulluwa. Da fari mutum ne ya ke so. Ya bi son nan, sai ya zama sha'awa. Ya yi ta biye wa sha'awa, sai ta zama sabo. Bai yi tsayayya da sabo ba, sai ya zama tilas. Agustin mutum ne mai ilimi ƙwarai, malamin iya magana ne a birnin Milan. Ya san abin da ke daidai sarai, amma ya yi shekaru bai iya aikata shi ba. Sai a shekara ta 386, yana karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 13, Allah ya tsinke masa sarƙar. Aka yi masa baftisma a 387. Wannan ya nuna mana ilimin kai kaɗai ba ya 'yanta mutum.

Cikin dukan igiyoyin nan ba wadda ta fi ƙarya ƙarfi, gama ita ce ke riƙe da sauran. A ce ma'ajin ekklesiya ya taɓa kuɗin baiko, da niyyar zai mayar in ya sayar da gyaɗa. Damina ba ta yi kyau ba. Sai ya gyara lissafi. Ran taron dattawa ya ce ba shi da lafiya. In ya ga mutum biyu suna magana a gindin bishiya, gabansa ya faɗi. Wanda ya yi masa tambaya ya zama abokin gaba. Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali, amma yana cikin kurkuku dare da rana, shi ne fursuna, shi ne kuma gandiroba. Ƙarya guda ɗaya ta kan nemi a ciyar da ita da wata kowace safiya. Labudda, cikin surar nan ta 8 ne Yesu ya nuna cewa Iblis ne tushen ƙarya duka.

Abin da harshenmu ya riga ya sani

Mu masu jin Hausa Allah ya yi mana wani taimako a nan. Mene ne kishiyar bawa a bakinmu? Ɗa. A zamanin da, in an ga baƙo a gidan wani attajiri, a kan tambaya a ce, wannan ɗa ne ko bawa? Kalmar da mu ke kiran wanda muka haifa, ita ce mu ke kiran wanda ba mai mallakarsa. Daga nan kalmar 'yanci ta fito. A wajen Sakkwato da ƙasar Nijar, inda a ke cewa ɗiya, a kan ji ɗiyauci. Watau a Hausa 'yanci shi ne zama ɗa. Har wa yau kuma, in mutum ya cika alkawari, ya riƙe amana, bai yi magana biyu ba, sai mu ce, wane ɗa ne. Kakanninmu sun ga cewa gaskiya da 'yanci gida ɗaya su ke kwana.

To, abin da Yesu ya faɗa ke nan cikin aya 35 da 36. Ya gwama bawa da ɗa cikin gida ɗaya. Zaman bawa ba shi da tabbas, yau yana nan, gobe a sallame shi ko a sayar. Ɗa kuwa gidan nasa ne. Saboda haka wanda ke da ikon ba da 'yanci na ainihi shi ne Ɗan gida, watau shi kansa Yesu.

Akwai wani irin mutum a gidajen da, wanda a ke kira bacucane, watau wanda bayi suka haifa a gidan ubangijinsu. A nan ya girma, ya yi wasa da 'ya'yan gida, ya san kowane lungu. Bisa ga al'ada ba a cika sayar da shi ba. Baƙo ba zai iya bambanta shi da 'ya'ya ba. Amma ran rabon gado a ke sanin bambanci. Muna tsoro kada a sami irin wannan da yawa cikin ekklesiya. An haife su cikinta, sun haddace waƙoƙi, sun san tsarin sujada tun daga addu'ar buɗewa har zuwa sa albarka, amma ba su taɓa zuwa wurin Ɗan domin ya kwance su ba.

Doka ta fita, ina za a je?

Tarihin ƙasarmu ya ƙara mana haske. A shekara ta 1901 Gwamna Lugard ya kafa doka a Nijeriya ta Arewa. Ta hana saye da sayar da mutane, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. A lokacin nan Turawa ba su ma ci Kano da Sakkwato ba tukuna, sai a 1903. Ba a kuwa soke bauta ɗungum ba sai a 1936. Tsakanin shekarun nan bayi da yawa suka gudu suka nemi garuruwansu. Waɗansu suka biya fansar kansu a gaban alƙali, aka ba su takarda. Waɗansu kuwa da yawa suka zauna inda su ke, cikin rinji, suna noma wa iyayengijinsu kamar da. In sun tashi, ina za su? Ba gona, ba dangi, ba gida.

Yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi su ma haka. An kwance musu igiya, amma da yawansu ba su san hanyar garinsu ba. Don haka ne mishan ta S.U.M. ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Rumaisha, kusa da kogin Binuwai, a shekara ta 1909, aka sa masa sunan Lucy, matar Dr. Karl Kumm. Sun gane cewa yaron da aka kwance aka bari a daji bai tsira ba tukuna. Sai ya sami gida.

Haka ya ke ga ruhun mutum. Waɗansu suna tsammani 'yanci shi ne mutum ya zama ba mai ce masa yi ko bari. Wannan zaman marar gida ne, wanda kuwa ba shi da gida, duk wanda ya tsince shi ya zama ubangijinsa. Kristi ya kan kwance mu domin ya shigar da mu gidan Ubansa, ya ba mu suna da gado a ciki.

Wace gaskiya ce ke 'yantarwa?

Ba kowane sani ne ke kwance zuciya ba. Mutum ya iya sanin nisan rana da ƙasa, ya mutu bawan kwalba. Bilatus ya tambayi Yesu ko mece ce gaskiya, bai tsaya ya ji amsa ba, ya fita ya ba da marar laifi saboda tsoron taro. Gaskiyar da Yesu ke nufi tana da fuska uku, dukansu kuwa a wurinsa a ke samunsu.

Ta fari ita ce gaskiya a kan kanmu. Sarki Dauda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijinta, ya rufe zancen. Watanni suka wuce, ba wanda ya isa ya ɗaga masa murya. Amma cikin Zabura 32 ya ba da labarin irin ciwon da shirun mai laifi ya ke jawowa, har jiki ya rame. Ran da annabi Natan ya tsaya a gabansa ya nuna shi da yatsa, ran nan ce ta fi kowace rana ɗaci a gare shi, ita ce kuma ranar da ya fara samun sauƙi. Haka matar nan ta Samariya a bakin rijiya. Yesu ya faɗa mata zancen mazajenta biyar, da wanda ta ke zaune da shi ba aure. Sai ga ta ta bar tulunta, ta shiga gari tana kiran mutane su zo su gani. Abin da ta ke jin kunyarsa ya daina mulkinta, gama wanda ya san shi duka bai kore ta ba.

Ta biyu ita ce gaskiya a kan Allah. In mutum ya san zunubinsa kaɗai, bai san alherin Allah ba, sai ya fid da zuciya kamar Yahuza. Ku tuna da ɗan nan na cikin Luka 15, wanda ya karɓi rabonsa ya tafi neman abin da ya zaci 'yanci ne, ya ƙare a kiwon aladu. Da ya komo cikin hankalinsa, iyakar abin da ya sa rai shi ne a ɗauke shi ɗan ƙodago. Ya san gaskiya a kan kansa, amma bai san ubansa ba tukuna. Uban ya sheƙo a guje, ya sa masa riga da zobe da takalmi, ya mai da shi ɗa. A zamanin bauta, bawa ya kan yi murgu, watau ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, yana tara saura har ya fanshi kansa. Ba murgu a wajen zunubi. Duk abin da mai zunubi ya tara, bashi ne a kan bashi. Bitrus ya gaya mana cikin wasiƙarsa ta fari cewa abin da aka biya domin fansarmu jinin Kristi ne, azurfa da zinariya ba su isa ba. An riga an biya. Wanda ya gaskata wannan ya daina yi wa Allah aiki kamar mai tsoron bulala.

Ta uku ita ce gaskiya a kan abubuwan da mu ke tsoro. Tsoron maita, da sammu, da aljannu, da mutuwa ya ɗaure mutane da yawa, har da masu bi. Yaro ya yi zazzaɓi, maimakon a kai shi asibiti a kuma yi addu'a, sai a fara neman wace tsohuwa ce ta kama kurwarsa. Ta haka an raba dangi, an kori gwauraye daga gari, an wulakanta marayu, duk a kan zato. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 2, ta ce tsoron mutuwa ya kan riƙe mutane cikin bauta muddin ransu, Kristi kuwa ya mutu domin ya karya wannan iko. Wanda ya tashi daga kabari ya fi ƙarfin duk abin da ke yawo da dare. Masu bi na Afisa da suka gane haka, suka tattaro littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, ko da ya ke kuɗinsu ya kai azurfa dubu hamsin.

Tambayoyi biyu masu nauyi

Wani zai ce, "Malam, zancenka da daɗi. Amma in na faɗi gaskiya a wurin aikina, kora ta za a yi. In na ƙi sa hannu a takardar ƙarya, me 'ya'yana za su ci?" Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, ba kuwa za mu rufe ta da daɗin baki ba. I, mai yiwuwa a kore ka. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, ya kwana a kurkuku. Irmiya ya faɗa wa sarki da hakimai gaskiya, aka zura shi cikin rijiya mai laka. Yohanna Mai Baftisma ya tsauta wa Hirudus, aka fille kansa. Yesu bai yi alkawari cewa gaskiya za ta hana mu shan wuya ba.

Amma mu dubi mutum biyu a Kaisariya, cikin Ayyukan Manzanni 24. Ɗaya gwamna ne, Filikus. Masu tarihin Roma sun gaya mana shi 'yantaccen bawa ne wanda ya hau har ya zama mai mulkin Yahudiya, ɗayansu kuwa, Tasitus, ya shaide shi cewa sarauta ba ta fid da halin bauta daga zuciyarsa ba. Ɗayan kuma Bulus ne, ɗaurarre. Bulus ya yi masa magana a kan adalci, da kamun kai, da shari'a mai zuwa. Wa ya firgita? Gwamna. Ya sallami Bulus, ya ce sai wani lokaci. Shekara biyu yana aika a kawo shi, yana sa rai za a ba shi toshiya. Da aka sauke shi, ya bar Bulus a ɗaure don ya faranta wa Yahudawa rai. Kwaɗayi ya ja shi nan, tsoron mutane ya ja shi can. Bulus kuwa ba mai iya saye shi, ba mai iya rufe masa baki. Cikin su biyu, wane ne ɗa? Ga kuma abin da ya rataya a wuyanmu. In ɗan'uwa ya rasa aikinsa saboda gaskiya, hakkin ekklesiya ne ta ɗauki nauyin gidansa har ya miƙe. Kada mu yaba masa da baki mu bar 'ya'yansa da yunwa.

Wani kuma zai ce, "In sai na bi maganar Kristi, ai na sāke ubangiji ne kawai. Ina 'yanci a nan?" Mu koma gandu. Da sassafe ɗa da bawa su kan ɗauki fartanya su tafi gona ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. Amma bawa yana duban inuwa, yana jiran a tashi, in mai gida ya ba da baya sai ya sassauta. Ɗa kuwa ko ba mai ganinsa yana yi, gama rumbun da za a cika nasu ne. Umarnin Kristi umarnin gidanmu ne. Wanda Ruhu Mai Tsarki ya koya masa kiran Allah Uba, sannu a hankali abin da Uban ya ke so shi ne zai zama abin da shi ma ya ke so. Mutumin da ya ke yin abin da ya ke so, abin nan kuwa nagari ne, wa ya fi shi 'yanci?

Gargaɗi ga ekklesiya

Akwai masu mai da gaskiya kulki. Su ne masu cewa, "Ni ba na ɓoye-ɓoye," amma kullum laifin wani su ke tonawa, ba nasu ba. Bulus ya gargaɗi Afisawa su haɗa faɗin gaskiya da ƙauna. Ya kuma gargaɗi Galatiyawa kada su mai da 'yancinsu hujjar biye wa jiki, sai dai su yi wa juna hidima.

Dattawa da shugabanni, wannan naku ne musamman. In yarinya ta zo da hawaye ta faɗi laifinta, washegari kuwa aka ji zancen a bakin rijiya, mun koya wa sauran matasa su ɓoye nasu. In muka sa talaka a horo, muka kau da kai daga mai kuɗin da ya saya mana kwanon rufi, mun koya wa jama'a cewa gaskiya tana da farashi. Horo yana da wurinsa, amma nufinsa a komo da ɗa gida. Ya kamata ekklesiya ta zama wurin da faɗin gaskiya ya fi sauƙi a duk faɗin gari.

Sai a zauna a ciki

Mu koma inda Yesu ya fara. Sharaɗin da ya sa shi ne a dawwama cikin maganarsa. Baƙon kwana ɗaya ba ya sanin gari. Tun shekara ta 1932 mu ke da Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa, bayan wahalar shekaru da masu juyi suka sha. Kaito, a gidaje da yawa yana cikin akwati tare da kayan Lahadi. A fito da shi. Mai gida ya tara iyalinsa da maraice a karanta, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Abin da aka ji kuma a aikata, gama da aikatawa ne a ke gane gaskiyarsa.

Kowa ya san turkensa. In mudunka biyu ne, na saye da na sayarwa, ka fasa ɗaya. In akwai kuɗin wani a hannunka, ka mayar, kamar yadda Zakka ya yi. In akwai abin da ka ɓoye wa matarka, ko ke kika ɓoye wa mijinki, ku nemi dattijo mai riƙon asiri ya zauna da ku. In da laya a ƙarƙashin matashi, a kawo ta a ƙone. Za a ji kunya, gaskiya ne. Amma kunyar rana ɗaya ta fi bautar shekara arba'in sauƙi. Wanda kuma ya gwada ya fāɗi, kada ya ce shi ke nan. Ɗa ya kan yi laifi a gidan ubansa, a tsauta masa, amma ba a sayar da shi.

Ya mai karatu, ɗa ne kai ko bawa? Ba mu tambayi sunan kakanka ba, ko shekarar baftismarka. Ɗan Allah ya riga ya biya fansa, ƙofar gida kuwa a buɗe ta ke. Ka zo wurinsa yau yadda ka ke, ka faɗa masa gaskiya. Allah ya ba mu zuciyar da za ta karɓi gaskiyarsa, ya tsare mu cikin 'yancin 'ya'yansa har ranar da za mu ga fuskarsa. Amin.